Kujeru Talatin da Biyu

Kujeru talatin da biyu na jera,
ko da yake na san ba za su cika ba.
Ruwa yake zuba tun rana tsaka.
Ƙararrawar coci ta buga bakwai,
jiƙaƙƙun lemomi sun taru a ƙofar laburare
kamar jemagun da aka koro daga kogo.

Mutum sha tara suka zo.
Telmo mai gidan burodi, da fulawa a girarsa,
ɗalibai biyu da malaminsu ya tilasta wa,
sauran duk furfura ce da tari
da rigunan ulu masu warin akwati.

Mai jawabin daga jami'ar León ya taso,
Dakta Arbelo, yaro ɗanye, takalmi na sheƙi.
Shekara huɗu ya yi yana tonon takardu
a kan Valdurna,
ƙauyen da madatsar ruwa ta haɗiye
tun uwarsa ba ta yaye ba.

Na kashe fitila, hoto ya hau bango.
Ga taswira. Ga lissafi:
gidaje sittin da ɗaya, injin niƙa biyu,
ga abin da hukuma ta biya
a kan kowace bishiyar tuffa.
Telmo ya fara gyangyaɗi.

Sai wani hoto ya fito, ya yi dishi-dishi,
mutum a ƙofar gida riƙe da alfadari.
Dakta ya karanta abin da ke ƙasa:
"Wani manomi, ba a san sunansa ba."

Sanda ta daki daɓe a layi na uku.
"Ba manomi ba ne,"
in ji Herminia, mai shekara tamanin da huɗu.
"Maƙeri ne. Amancio. Ubana.
Alfadarin ma aro ne, na gidan Fidela,
ana gama hoton ya cije shi a kafaɗa."

Dariya ta ɓarke, har Telmo ya farka.
Daga nan bakin kowa ya kwance.
Wannan ya ce an kwashe ƙararrawar ƙauyen,
wancan ya rantse tana can ƙasa,
yana jin ta in iska ta juyo.
Aka yi musu a kan rijiya, a kan wa ya fara tashi,
a kan wa ya sayar da gonarsa a ɓoye.

Fulgencio bai sa baki ba sai da aka lafa.
Ya ce, "Mun tono matattunmu kafin ruwa ya iso.
A akwatunan sabulu aka zuba ƙasusuwa,
motar ta yi tangal-tangal a kwana,
takardun sunaye suka tarwatse.
Shekara hamsin ina kai fure kabari,
ban sani ba ko na uwata ne,
ko na maƙwabciyar da ba sa ga maciji."
Ba wanda ya yi dariya a nan,
sai shi, kaɗan, cikin hankicinsa.

Dakta ya kife takardunsa.
Ya ja kujera ta ashirin, ya zauna gefen Herminia,
biro a hannu, kunnuwansa sun yi ja:
"Amancio wa? Faɗa mini a hankali."
Ɗaya daga cikin ɗaliban nan
ta daina latsa waya.

Ƙarfe tara ake rufewa, haka doka ta ce.
Goma da rabi ta same ni ina zuba kofi,
na manta inda na ajiye makullai.

Da suka watse na naɗe kujeru,
sha uku ba a taɓa su ba,
ko sha biyu, in an cire ta Dakta.
Na tattara kofuna, na buɗe famfo.
Ruwan garinmu daga madatsar nan yake zuwa,
shekara ashirin ina wanke-wanke da shi.
Yau na tara hannu, na bar shi yana zuba,
sanyi ƙarara,
har yatsuna suka yi tsami.